Baƙin Yashin Sukur

Kakana maƙeri ne a Mubi. Idan aka kawo masa tsohuwar fartanya gyara, ba ya sa ta a wuta sai ya ɗan ƙwanƙwasa ta da masaba ya kasa kunne. Galibi ba ya cewa komai, sai ya miƙa wa yaro ya zuga. Amma jefi-jefi za ka ga fuskarsa ta saki, ya juya fartanyar gaba da baya, ya ce, "Wannan ƙarfen dutse ne." Ina yaro na ɗauka yabon taurin ƙarfen yake yi. Sai bayan rasuwarsa mahaifina ya gaya mini cewa dutsen da yake nufi yana da suna. Sukur ake ce masa, yana arewa da Michika, gab da iyakar Kamaru, kuma daga can ne fatake suke sauko da sandunan ƙarfe kafin ƙarfen mota ya cika kasuwa.

Na kai shekara arba'in ban taka wurin ba, ga shi tsakaninsa da gidanmu tafiyar 'yan sa'o'i ce. Ban rasa dalili ba. Mu mutanen ƙasa mun tashi muna jin ana cewa "mutanen dutse" da wata murya, muryar da ake ambatar wanda aka raina. A tunaninmu duk wanda ka gani a kan dutse kora ce ta kai shi, talauci kuma ya zaunar da shi. To me za ka je gani?

A kakar 2012 na tafi. Daga Mubi na bi ta Uba da Michika zuwa Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali, daga nan ɗan acaɓa ya karkata da ni gabas ta wata hanyar burji har gindin dutse, wajen Mildo. Mutanen wurin suna kiran kansu da harshensu Sakun, amma garin nasu biyu da Hausa aka raba musu suna: Sukur Ƙasa da Sukur Sama. Saurayin da aka haɗa ni da shi ya raka ni ɗalibin sakandare ne, yana jin Sakun da Margi da Fulatanci, Hausarsa kuma ba ta da makusa. Ya dubi takalmina ya ce, "Malam, da ka cire wannan ka sa silifa, dutsen yana da santsi da safe." Na bi shawararsa.

Abin da ya fara tsayar da ni hanyar ce. Na yi zaton 'yar siririyar turbar awaki za mu bi, sai ga hanya shimfiɗe da falalen duwatsu, an jera su ɗaya na tokare da ɗaya, babu siminti babu laka. Inda gangaren ya yi tsanani an mayar da ita matakala, inda ruwa ke bi an bar masa mafita. Wasu duwatsun sun yi sumul saboda tafin ƙafa. Mata suna saukowa da ƙwarya a ka, da goyo a baya, suna gaishe mu ba tare da sun rage sauri ba, ni kuwa ina tsayawa ina haki bayan kowane ɗan hawa. Garin yana sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma na ɗauki kusan sa'o'i biyu kafin in kai. A ɗaya daga cikin hutun nan ne na zauna ina kallon shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafata, wani tunani ya zo mini wanda ya rushe abin da na taso da shi: mai ɓuya ba ya shimfiɗa wa maƙiyi hanya har ƙofar gidansa. Wanda ya ɗauki wahalar jera waɗannan duwatsu yana jiran baƙi ne, baƙi masu jakuna da kaya, kuma yana so su sake dawowa.

Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa, tun daga kwari har kusa da ƙololuwa. Kowace an tokare bakinta da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya wanke ƙasar, wata faɗinta bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba. Dawa ta nuna, ga wake yana bin gindinta, ga gyaɗa da aya a inda ƙasar ta yi laushi. Tsamiya da maɗaci da kuka suna tsaye nan da can, ba wanda ya fito da ka, kowanne an bar shi ne don amfaninsa. Ɗan rakiyata ya ce kowace shekara kafin damina sai an bi jerin duwatsun an mayar da wanda ya zame, domin in ka yi sakaci shekara biyu, gonar kakanka za ta koma cikin rafi. A cikin gidaje kuma ya nuna mini wani ɗaki mai zurfi kamar rijiya, an gina shi da dutse, a ciki ga sa yana tuƙa. Tun yana ɗan maraƙi ake sa shi, a riƙa kai masa ciyawa da ruwa, ba ya fita kiwo balle ya yi ɓarna a gonar maƙwabci, takinsa kuma a kwashe a kai gona. Sai ya yi ƙiba ranar biki ta zo a fito da shi. Na ga rumbuna, na ga masussuka da aka daɓe, na ga rijiyoyi da aka kewaye da dutse aka yi musu rufi. A wannan gari dutse ne katanga, shi ne kujera, shi ne maniƙa, shi ne kuma alamar kabari.

Sarkin Sukur ana kiransa Hidi, kuma sarautar tana hannun zuriyar Dur, wadda masana ke kai farkon mulkinta wajen ƙarni na 17. Fadarsa tana jikin gangaren da ke ƙasa da ƙololuwa, babban kewaye ne na duwatsun da aka ɗora ba tare da laka ba, ƙofa bayan ƙofa, kowace da aikinta da wanda ya halatta ya bi ta. A cikinta akwai turken doki, da ɗakin kiwon sa, da kangon sashen mata, da dandalin da ake taruwa a yi shari'a. A bakin wata ƙofa dogayen duwatsu biyu ne a tsaye, sun fi mutum tsawo. Mutanen gari suna danganta su da wasu ƙattai biyu na zamanin da, Fula da Deve, waɗanda aka ce su suka yi wannan gini. Na ji labarin da daɗi, amma da na kalli yadda aka zaɓi kowane dutse aka kwantar da shi a kan ɗan'uwansa, hannun mutane na gani, mutane masu yawa da aka iya tarawa aka kuma iya ciyarwa har aiki ya ƙare.

Sunan garin ya daɗe da fita. A 1851, lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, yake kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ya ratsa ƙasar Margi ta yamma da waɗannan duwatsu. Bai hau ba, amma ya ji labarin Sukur ya rubuta shi a matsayin gari mai ƙarfi wanda sarakunan kewaye ke shakkarsa. Daga baya jami'an Turawan Ingila suka ɗora a kan wannan, suka mai da Hidi wani sarkin tsafi da ya taɓa mulkin waɗannan duwatsu na Mandara kaf. Nicholas David da Judy Sterner, masu binciken da suka zauna a garin a shekarun 1990, sun nuna abin ba haka yake ba. Sukur ba ta da rundunar da ta ci ƙasashe. Ƙarfinta ƙarfe ne, a zahirinsa.

A nan ne na fi daɗewa, don shi ya kawo ni. Aka kai ni wajen wani dattijo da ya haura saba'in, yana zaune a kan dutse yana gyaran igiya. Da ɗan rakiyata ya gaya masa jikan maƙeri ne ni, sai ya ajiye igiyar ya kama hannuna ya juya tafin, ya yi dariya ya ce wannan hannun alƙalami ya sani. Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma ƙamshin gawayi na tashi a ciki." Ya ce, "To taso, ɗana, in nuna maka."

Ya kai mu bayan wani gida, inda ragowar murhun narka tama yake jingine da bangon gona. Gini ne na yumɓu, ya tsattsage, ciyawa ta fito a bakinsa. Da sandarsa ya riƙa nuna mini yadda abin yake a lokacin da yake yaro. Tamar Sukur ba haƙa ta ake yi a rami ba. Baƙin yashi ne da ruwan sama ke wankowa daga jikin dutse ya tara a cikin rafuka. Mata da 'yan mata su ke bin rafi da ƙwarya suna rairaya, farin yashi ya tafi, baƙin mai nauyi ya kwanta. Maza kuma su shiga daji su ƙona gawayi. Sai an gama girbi rani ya shiga ake hura wuta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda zugazugi yake. A maƙerar kakana iska ta gefe take shiga, a ƙasa. A nan kuwa mai zuga a sama yake zaune, a kan murhun, da tukwane biyu da aka rufe da fata, iskar kuma tana bin wani dogon bututun yumɓu da aka rataya a tsaye har cikin cibiyar wutar. Ana zuba gawayi da baƙin yashi kaɗan-kaɗan, bakin bututun yana narkewa yana gajarta, ƙarfen yana taruwa a ƙasa. Dattijon ya ce masu zuga karɓa-karɓa suke yi, ana waƙa, ana kiɗa da bugun fatar kanta, kuma yaro kamarsa aikinsa ɗebo gawayi da miƙa ruwa. Ya ɗaga hannuwa biyu ya kwaikwayi bugun, dama, hagu, dama, hagu, bayan shekara sittin bai manta da amon ba.

Akwai wani bambanci da na ɗauki lokaci kafin in gane. A wurare da yawa a duwatsun Mandara narka tama aikin zuriyar maƙera ne kaɗai. A Sukur kuwa manomi ma yana narkawa. Gidaje kan haɗa kai, kowa ya kawo yashinsa da gawayinsa, a raba abin da ya fito. Maƙera, waɗanda ake kira tuwa, zuriya ce daban da ke aure a tsakaninta, matansu su ne magina tukwane, kuma su ake kai wa curin ƙarfen su tace shi su buga shi ya zama sanda ko fartanya. Wato kusan garin gaba ɗaya ma'aikatar ƙarfe ne da rani, gona da damina. Da yashin rafukansu da itacen dajinsu suka gaza, sai suka riƙa saye a wajen maƙwabta. Kasuwar ƙarfe tana ci a kan dutsen, fatake suna hawowa daga filayen Borno inda tama ta yi ƙaranci, suna kawo gishiri da kifi da tufafi da dabbobi. Sandar ƙarfe kuɗi ce, da ita ake biyan sadaki. Babban aikin Hidi shi ne ya tabbatar hanya ta zauna lafiya, baƙo ya shigo da kayansa ya fita da kayansa, shi kuma a ba shi rabonsa. Da na fahimci wannan sai hanyar nan da na hau da haki ta zama abin da ya dace da wurinta. Manomin gero a ƙasar Borno yana huɗa da ƙarfen da wata yarinya ta rairayo a rafin Sukur, bai san sunanta ba, ƙila ma in ya gan ta "'yar dutse" zai ce.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon labari ba. Kano ma a gindin Dala ta fara, kuma maƙera masu neman tama suna cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Harshen Sakun kuma, duk da ban tsinci ko kalma ɗaya ba da suke magana, masana harshe sun sa shi a dangi ɗaya da Hausa, dangin harsunan Chadi. 'Yan'uwa ne da suka yi nisa.

Da na tambayi dattijon abin da ya kashe kasuwar, bai fara da ƙarfen mota ba. Suna ya ambata, ya yi shiru. Hamman Yaji.

Hamman Yaji shi ne Bafulatanin da ya sarauci Madagali daga 1902, bayan Jamusawa sun kashe mahaifinsa Bakari, har zuwa 1927 da Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma James Vaughan da Anthony Kirk-Greene sun buga fassararsa a 1995. Na karanta shi bayan na dawo, kuma ban yi barci mai daɗi ba a daren. Babu fushi a cikinsa, babu nadama. Lissafi ne irin na ɗan kasuwa: an tura mayaƙa gari kaza, an kamo bayi kaza, shanu kaza. Sunan Sukur yana fitowa a ciki ba sau ɗaya ba, har da ƙona gidaje da rusa gidan sarki. Yana da bindigogi, su kuwa kwari da baka da mashi, kuma hanyar da aka shimfiɗa wa fatake ita ce ta zama hanyar mahara. Mutane suka watse cikin duwatsu, wasu suka nufi ƙasar Kapsiki, kasuwa ta mutu.

Ni Musulmi ne, ɗan ƙasa, kuma mutumin nan da sunan addinina da irin mutanena ya yi abin da ya yi, a zamanin da kakana yana raye yana ƙira a Mubi. Ba tarihin dubban shekaru ba ne. Dattijon da ke gabana a bakin iyayensa ya ji. Mun saba ba da labarin zaluncin Turawa, kuma gaskiya ne, amma a Sukur in ka ce "lokacin wahala" ba Bature suke fara tunawa ba. Ina ganin wannan kalma ta "mutanen dutse" da muke furtawa da raini tana da aikin da take yi mana: tana sa mu manta cewa da yawa daga cikin talaucin da muka gani a kan duwatsu, daga ƙasa aka hau da shi. Dattijon bai ce mini komai a kan wannan ba. Da ya ga na yi shiru sai ya aika jikarsa ta kawo mini ruwa da gyaɗa.

Tutoci kuwa sun yi ta sauyawa a kan mutanen Sukur ba tare da an tambaye su ba. Da fari suna cikin Kamarun Jamus, a yaƙin duniya na farko Faransawa suka karɓa, a farkon shekarun 1920 aka miƙa yankin ga Ingila. Sai a ƙuri'un raba gardama na 1959 da 1961 aka nemi ra'ayinsu, a ta biyun Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna, daga baya Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991. Layin iyaka ya bi ta kan duwatsun ya raba su da maƙwabtan da suke sayen yashi a wajensu.

Bayan Hamman Yaji wutar ta sake kamawa, mutane suka dawo, aka gyara gonaki. Amma ba ta yi tsawon rai ba. Da motoci suka yawaita, maƙerin birni ya samu tsohon ƙarfe a arha, wanda ba sai an rairaya an ƙona gawayi an kwana ana zuga ba. Kakana ma, duk da yabon da yake yi wa ƙarfen dutse, ƙarfen mota yake saye, don shi mai fartanya ke iya biya. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 murahun suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma lokacin da wani mai bincike, Hamo Sassoon, ya je ya kalli aikin ya rubuta a farkon shekarun 1960, sana'ar tana numfashinta na ƙarshe. Matasa suka gangara ƙasa neman gona mai faɗi, da makaranta, da kasuwa. Bukukuwa dai sun tsira: ana yin Yawal, ana yin Zoku, ana shigar da samari cikin manya a bikin Ber, duk da coci da masallaci sun shigo gari. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne na farko a Najeriya, shekara shida kafin kurmin Osun da ke Osogbo. Na sha tambayar ɗalibai wane wuri ne na farko, da wuya in samu wanda ya sani, har a cikin 'yan Adamawa.

Da la'asar muka hau wani fa a saman gari. Ta yamma fili ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, ƙasar Margi, kogin Yedzaram yana ratsa ta, kogin nan da ya biyo ta garinmu Mubi yana neman Bama. Ta gabas duwatsu ne a bayan duwatsu, ɗan rakiyata yana nuna mini da yatsa: can Wula, can kuma Kamaru ce. Hayaƙi yana tashi daga gidaje, ana jin sautin niƙa da kukan awaki. Ya ce yana so ya karanta aikin likita, amma kowane hutu sai ya hawo, don kakarsa ta ƙi sauka.

Shekara biyu bayan wannan, a 2014, Boko Haram suka kama Madagali da Gulak da Michika har da Mubi, mu ma muka bar gida da abin da hannu ya iya ɗauka. A ƙarshen shekarar suka hau Sukur. Sun ƙona gidaje da rumbuna, sun kwashe dabbobi, wuta ta taɓa fadar Hidi. Da na ji labari ina gudun hijira a Yola, hanyar nan ce ta faɗo mini a rai, don ta kanta suka bi su ma. Jinka ta ƙone, dutse bai ƙone ba. Mutane sun koma sun ɗora sabon rufi a kan tsofaffin bangaye, kuma a 2018 ƙungiyar World Monuments Fund ta sa wurin cikin jerin waɗanda ke buƙatar agajin gaggawa.

A waccan tafiya ta 2012, ranar da zan sauka, dattijon ya riƙe ni ya ce in jira. Ya kira jikarsa ya yi mata magana da Sakun, ta ɗauki ƙwarya ta gangara rafi. Ba ta daɗe ba ta dawo, ya ƙulle mini abin da ta rairayo a tsumma, bai fi cikin tafin hannu ba. Ya ce, "Kai wa babanka, ɗana. Zai gane."

Mahaifina a lokacin idonsa ya yi rauni, ya daɗe da barin maƙera. Na kwance ƙullin na zuba masa a hannu ban ce komai ba. Ya murza da yatsa, ya auna nauyinsa, ya kai hanci. Sai ya ce a ɗauko masa maganaɗisun da yara suka cire daga tsohuwar rediyo. Ya kawo shi kusa da tafinsa, baƙin yashin ya miƙe tsaye ya manne. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya tambaye ni ko hanyar tana nan yadda mahaifinsa ya ba shi labari, shimfiɗe da dutse tun daga ƙasa har sama. Na ce tana nan, Baba.